Halacci da Gargaɗi: Mas'alar Juya Lamba Marar Alama a Harshen C

Daga cikin batutuwan da masu rubuta manhajar kwamfuta suka daɗe suna saɓani a kansu, akwai wani da ake yi wa kallon ƙarami, alhali a ƙarƙashinsa akwai tsohuwar mas'ala ta falsafa, wato matsayin aikin da doka ta halatta amma hankali bai natsu da shi ba. Batun shi ne ko ya dace kwamfaila ta yi gargaɗi idan ta tarar an sa alamar ɗebewa a gaban lambar da aka ayyana tun farko cewa ba ta sauka ƙasa da sifili. Kwamfaila ita ce manhajar da ke karɓar rubutun da ɗan Adam ya yi da harshen shirya manhaja, kamar C ko C++, ta mayar da shi umarnin da injin kwamfuta ke iya zartarwa. Tana da murya iri biyu: idan rubutun ya saɓa wa ƙa'idar harshen sai ta shelanta kuskure ta tsaya, idan kuma rubutun ya inganta amma ta ga alamar ɓarna a cikinsa sai ta yi gargaɗi ta ci gaba da aikinta. Wannan murya ta biyu ce ake taƙaddama a kanta, domin ita ce wadda kwamfaila ke amfani da ita wajen yin hukunci a kan abin da take zaton marubuci ya nufa.

Kwamfuta tana ajiye kowace cikakkiyar lamba a cikin ƙayyadaddun gurabe da ake kira bit, kowane gurbi kuma sifili yake ɗauka ko ɗaya. Idan gurabe 32 ne, siffofin da za su iya ɗauka 4,294,967,296 ne, babu ƙari. Harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a ɗakin bincike na Bell a Amurka a farkon shekarun 1970, ya ba marubuci zaɓi biyu wajen raba waɗannan siffofi. Ko dai ya ayyana lambar a matsayin mai alama, a ba rabin siffofin ga lambobin da ke ƙasa da sifili, ta yadda za ta tashi daga -2,147,483,648 zuwa 2,147,483,647. Ko kuwa ya ayyana ta marar alama, ta tashi daga sifili zuwa 4,294,967,295. Juyarwa, a ma'anar da ake nufi a nan, ita ce sa alamar ɗebewa a gaban lamba ita kaɗai, kamar mayar da 5 ta zama -5. A kallon farko juya lamba marar alama aikin banza ne, tun da an nemi a fitar da abin da ba shi da mazauni a cikin jinsin lambar.

Sai dai ƙa'idar harshen ba ta ɗauke shi aikin banza ba. Tun a littafin Brian Kernighan da Ritchie na 1978 an bayyana cewa lambobi marasa alama lissafin kewayawa suke bi, kuma kundin ƙa'ida na 1989 da waɗanda suka biyo bayansa sun tabbatar da hakan. Lissafin kewayawa shi ne wanda kowa ke yi da fuskar agogo ba tare da ya ba shi suna ba: komawa baya da awa 5 daga ƙarfe 12 yana kai mutum ga ƙarfe 7, daidai inda ci gaba da awa 7 zai kai shi. Haka nan idan aka juya 1 a cikin gurabe 32 marasa alama, amsar ita ce 4,294,967,295, domin ita ce lambar da idan aka tara ta da 1 za a kewayo a dawo sifili. Wannan amsa ɗaya ce a kowace kwamfaila mai bin ƙa'ida, kuma tana da gindi a ilimin lissafi, domin Carl Friedrich Gauss ya tsara wannan fanni a littafinsa na 1801, kuma a cikin irin wannan tsari kowace lamba tana da kishiyar da ke mayar da ita sifili idan an tara su.

Daga nan ake gane cewa ma'ana biyu ce ke zaune a cikin alama ɗaya. Ta farko ita ce wadda masanin Indiya Brahmagupta ya bayyana a shekara ta 628 lokacin da ya kwatanta lambobin sama da sifili da dukiya, na ƙasa da shi kuma da bashi. A wannan fahimta juyarwa tana mayar da dukiya bashi, kuma wanda ya juya 1 yana sa ran samun abin da bai kai sifili ba. Ta biyu ita ce ta Gauss, wadda ba ta san bashi ba, kishiya kawai ta sani. Marubucin da ya rubuta -x yana iya kasancewa ɗalibin kowanne daga cikin biyun, kuma rubutun nasu iri ɗaya ne harafi da harafi. Na farkon ya yi kuskuren da zai iya mayar da tazarar taku ɗaya baya ta zama tazarar fiye da biliyan huɗu gaba, na biyun kuwa ya rubuta abin da yake nufi daidai. Kwamfaila ba ta da hanyar shiga zuciyar kowannensu.

Manyan kwamfailoli sun rabu a kan lamarin. Ta kamfanin Microsoft tana da gargaɗi mai lamba C4146, wanda ke sanar da cewa an juya lamba marar alama kuma sakamakon bai daina zama marar alama ba. Idan kuma aka kunna zaɓin tsaro na /sdl, gargaɗin yana zama kuskuren da ke tsayar da aikin baki ɗaya. GCC, wadda Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987, da Clang ta aikin LLVM, ba sa cewa komai a kai ko da an kunna tarin gargaɗin da aka saba kunnawa da -Wall da -Wextra. Clang tana da na'urar bincike da ke iya kai rahoton kewayawar lamba marar alama a lokacin da manhaja ke gudana, amma an ware ta daga rukunin binciken ayyukan da ƙa'ida ba ta fayyace sakamakonsu ba, saboda kewayawar halal ce. Kundin ƙa'idar C bai raba wannan gardama ba, domin abin da ya wajabta wa kwamfaila shi ne ta yi magana idan an karya nahawu ko wani sharaɗi na harshen, sannan ya bar mata 'yancin ƙara duk wani gargaɗin da ta ga dama.

Hujjar masu goyon bayan gargaɗi tana da ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Shahararren misalinsu shi ne rubuta -2147483648 da nufin mafi ƙanƙantar lamba mai alama. A nahawun C alamar ɗebewa ba ta cikin jikin lambar, aiki ne da ake yi a kanta bayan an karanta ta. Kuma 2147483648 ta zarce iyakar lamba mai alama ta gurabe 32 da ɗaya, don haka a ƙarƙashin ƙa'idar 1989, a injin da babbar lambarsa gurabe 32 ce, sai a ɗauke ta marar alama, a juya ta, ta dawo 2147483648 yadda take. Marubucin da ya gwada wata lamba da ita yana zaton yana gwadawa da ƙasan ƙasa, alhali da wata babbar lamba yake gwadawa. Wannan ne dalilin da ya sa a kundayen harshen ake yawan rubuta wannan iyaka a matsayin -2147483647 a ɗebe 1. Misali na biyu ya fi haɗari, kuma ya bayyana sosai lokacin da aka riƙa mayar da tsofaffin manhajoji daga injuna masu gurabe 32 zuwa masu 64. Idan aka juya lamba marar alama aka tara ta da adireshin wani wuri a ma'adanar kwamfuta don a koma baya, a tsohon inji adireshin yakan kewayo ya faɗa inda ake so, kuskuren ya ɓuya shekara da shekaru. A sabon inji kuwa babu kewayawa a wannan iyaka, sai manhajar ta taɓa wurin da ba nata ba.

Akwai kuma wani abin da ke ƙara wa hujjarsu nauyi, wato rashin daidaiton harshen kansa. C yana ɗaga ƙananan lambobi zuwa jinsin lamba mai alama kafin ya yi lissafi da su, saboda haka idan aka juya 5 da ke cikin gurabe 8 marasa alama, a injunan yau amsar -5 ce ta gaske, amma idan 5 ɗin tana cikin gurabe 32 amsar 4,294,967,291 ce. Marubucin da ya faɗaɗa jinsin wata lamba don ta ɗauki ƙarin kaya zai iya sauya ma'anar wani layi da ke can nesa ba tare da ya taɓa shi ba. Irin wannan ne ya sa ƙa'idojin MISRA, waɗanda masana'antar motoci ta Birtaniya ta fara fitarwa a 1998 don manhajojin da ran mutum ya rataya a kansu, suka hana juya lamba marar alama kai tsaye, kamar yadda doka ta 12.9 ta bugun 2004 ta tanada.

Masu adawa da gargaɗin su ma ba da ka suke magana ba, domin juya lamba marar alama yana cikin sanannun dabarun sana'ar. Rubutun x & -x yana fitar da mafi ƙanƙantar gurbin da ke ɗauke da ɗaya a cikin lamba, ta yadda 12 za ta ba da 4, kuma a kansa tsarin ajiyar bayanai da Peter Fenwick ya wallafa a 1994 ya dogara; littafin Henry Warren na 2002 mai suna Hacker's Delight cike yake da ire-irensa. A aikin arc4random_uniform na OpenBSD, wanda ke fitar da lambar ƙuri'a ba tare da fifita wata a kan wata ba, ana buƙatar sanin ragowar da za ta saura idan aka raba 4,294,967,296 da wata iyaka. Wannan lamba ba ta shiga gurabe 32, amma juyayyiyar iyakar tana shiga, kuma ragowarsu ɗaya ce: idan iyakar 10 ce, juyayyiyarta 4,294,967,286 ce, kuma duka biyun suna barin ragowar 6. Manhajar PCG ta Melissa O'Neill, wadda ita ma lambar ƙuri'a take fitarwa, ta kuma fito a 2014, tana amfani da wannan dabara, tana kuma juya lamba marar alama wajen kewaya gurabe.

Mafi ƙarfin hujjarsu kuwa ita ce wannan: juyarwar da ke da haɗari na haƙiƙa a idon ƙa'ida ita ce ta lamba mai alama. Juya -2,147,483,648 a cikin jinsinta aiki ne da kundin ƙa'ida bai fayyace sakamakonsa ba, ma'ana kwamfaila tana da izinin fitar da duk abin da ta fitar. Hanyar da ƙwararru ke bi don samun girman wannan lamba ba tare da faɗawa cikin ramin ba ita ce su mayar da ita marar alama sannan su juya ta. Ke nan gargaɗin yana sauka a kan wanda ya bi hanyar tsira, yana kuma ƙyale wanda ya bi hanyar halaka, kuma an sha ganin wanda gargaɗin ya dame shi ya mayar da lambarsa mai alama don ya samu shiru, ya musanya ingantaccen rubutu da gurɓatacce.

Wannan saɓani yana da kama da wata mas'ala da malaman usulul fiƙihu suka daɗe da warware sassanta, wato saddu zari'a, toshe hanyar da ke kaiwa ga ɓarna ko da hanyar a karan kanta halal ce. Ba ana nufin cewa rubutun manhaja yana da hukuncin shari'a ta wannan fuska ba; tsarin tunanin ne ke da amfani. Shihabuddin Alƙarafi, malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 1285, ya kasa irin waɗannan hanyoyi gida uku: wadda aka haɗu a kan toshe ta, kamar haƙa rijiya a kan hanyar jama'a, wadda aka haɗu a kan barin ta, kamar noman inabi duk da cewa ana iya yin giya da shi, da wadda aka yi saɓani a kanta, kamar wasu nau'o'in cinikin ajali. Ma'aunin da ke raba su shi ne yawan yadda hanyar ke kaiwa ga ɓarna, da girman ɓarnar, da kuma girman amfanin da za a rasa idan an toshe. Abin da wannan rabo ke koyarwa shi ne cewa yiwuwar ɓarna ita kaɗai ba ta isa hujjar hani ba, domin da ta isa da babu abin da zai rage a halatta.

Idan aka ɗora mas'alar kwamfaila a kan wannan ma'auni, sai a ga cewa kuskuren ɓangarorin biyu shi ne ɗaukar juyarwa a matsayin abu guda. Juya lambar da aka rubuta ƙuru-ƙuru ta koma marar alama ba da sanin marubuci ba, da zuba sakamakon juyarwa cikin lamba mai alama da ta fi ta faɗi, da tara shi da adireshi, da tambayar ko ya gaza sifili alhali ba zai taɓa gazawa ba, duk waɗannan rijiya ce a kan hanya, domin da wuya a samu mai yin su da gangan. Juyarwar da ake haɗawa nan take da aikin tace gurabe, ko a nemi ragowarta, ko a mayar da ita cikin jinsin da ta fito, wannan noman inabi ne. Kwamfaila tana ganin duk wannan mahalli, tun da ita ce ke bin diddigin jinsin kowace lamba daga layi zuwa layi. Gargaɗin da ya tsaya a kan alamar ɗebewa kaɗai, bai dubi inda sakamakon ya nufa ba, ya zaɓi sauƙin mai gina kwamfaila a kan gaskiyar abin da ke gabansa.

Gargaɗi magana ce, kuma magana tana da haƙƙi a kan mai yin ta. Wanda ya yi kashedi yana cin wani abu daga hankalin mai sauraro, hankalin kuwa yana da iyaka. Manhajar da ke fitar da ɗaruruwan gargaɗi a duk lokacin da aka harhaɗa ta tana koya wa masu ita su daina karantawa, kuma ranar da gargaɗi na gaskiya ya fito a tsakiyarsu babu mai ganinsa. Lamarin ya fi tsanani a wuraren da aka ɗauki al'adar mayar da kowane gargaɗi kuskure, kamar yadda zaɓin -Werror ke yi, domin a can shawara ta zama doka ba tare da ta bi ta hannun kwamitin da ke tsara harshen ba. Magabatan wannan sana'a sun lura da haka: lokacin da Stephen Johnson ya fitar da manhajar lint a ɗakin binciken Bell a 1978, an raba aikin biyu, kwamfaila ta fassara, lint kuma ta yi tsegumi ga wanda ya neme ta. Yau ayyukan biyu sun haɗe a wuri ɗaya, kuma hakan ya ɗora wa kwamfaila nauyin tantance abin da ya cancanci a faɗa ba tare da an tambaya ba.

Akwai raddi guda da ya cancanci a tsaya a kansa. Masu goyon bayan gargaɗi suna cewa kuɗin kauce masa kaɗan ne, domin wanda ke nufin kewayawa yana iya rubuta 0u - x, wato ya ɗebe lambar daga sifili marar alama, ya samu amsa iri ɗaya ba tare da an yi masa magana ba. Ana iya kallon wannan a matsayin shaidar cewa gargaɗin ba shi da tushe, tun da yana hukunta siffar rubutu ya bar ma'anarsa. Amma adalci ya sa a yarda cewa siffar tana ɗauke da labari: mai kuskure -x yake rubutawa, da wuya ya rubuta 0u - x, saboda haka rubutu na biyun tamkar furuci ne da niyya, kuma mai karatu na gaba yana amfana da shi. Raunin raddin yana wani wuri dabam. Wannan yarjejeniya ba ta cikin ƙa'idar harshen, kwamfaila ɗaya ce ta haifar da ita, kuma an zo da ita bayan an riga an rubuta ɗimbin ingantattun manhajoji a tsohuwar siffa. Neman a sake taɓa rubutun da ya yi shekaru yana aiki lafiya, musamman na sirrinta bayanai da na ƙuri'a inda harafi ɗaya ke iya rushe komai, shi ma hanya ce da ke kaiwa ga ɓarna.

Sababbin harsuna sun nuna cewa asalin ciwon yana cikin haɗa ma'ana biyu a alama ɗaya. Rust, wanda bugunsa na farko tabbatacce ya fito a 2015, ya hana sa alamar ɗebewa a gaban lamba marar alama, ya kuma tanadi aiki mai suna wrapping_neg ga mai son kewayawa, da checked_neg ga mai son a sanar da shi idan babu amsa. C# ya bi wata hanya: yana ɗaga lamba marar alama ta gurabe 32 zuwa mai alama ta gurabe 64 don amsar ta zama bashi na gaske, yana kuma ƙin juya marar alama ta gurabe 64 tun da babu inda za a ɗaga ta. Go ya bar juyarwar ta kewaya kamar yadda C ya yi. A harsunan farko biyu marubuci ba ya buƙatar a yi hasashen niyyarsa, domin ko dai harshen ya tilasta masa ya faɗe ta, ko ya zaɓi ma'ana ɗaya ya tsaya a kanta. C da C++ ba su da wannan dama, saboda alƙawarin da suka ɗauka na ci gaba da karɓar tsohon rubutu, kuma gargaɗi ba zai iya maye gurbin kalmar da harshe bai tanada ba.

Hukuncin da ya fi kusa da daidai, saboda haka, shi ne kada kwamfailar C ko C++ ta yi gargaɗi a kan juya lamba marar alama don juyarwar kawai a cikin gargaɗin da take yi ba tare da an nema ba, kuma kada ta mayar da shi kuskure alhali ƙa'ida ta fayyace sakamakonsa. Wajibinta shi ne ta yi magana, da babbar murya, a wuraren da sakamakon ya fita daga da'irarsa: lambar da aka rubuta ta sauya jinsi a ɓoye, ko aka faɗaɗa sakamakon zuwa lamba mai alama, ko aka tara shi da adireshi, ko aka gwada shi da sifili. Gargaɗi mai faɗi irin na C4146 yana da gurbinsa a matsayin zaɓin da ake kunnawa da gangan, kuma masu rubuta manhajar birkin mota ko na'urar asibiti, waɗanda ɓarnar kuskure ɗaya a wurinsu ta fi wahalar sake rubuta layi dubu, suna da cikakkiyar hujjar kunna shi.